Sitireca mai sauƙin kuɗi da ba za ta cinye miki gashi ba

Wata baiwar Allah da ke zaune a Kubwa ce ta aiko da tambayar. Bikinta a watan Disamba ne. Ta daina sa rilaksa kusan shekara biyu, gashinta na asali ne yanzu, mai cika da tsauri, idan aka ja shi yana taɓa kafaɗa. Ta ware naira 40,000 don sayen sitireca, na'urar miƙar da gashi da zafi, ta leƙa kasuwar Wuse ta ga iri-iri, daga masu arha tuɓus har waɗanda kuɗinta ko kusa ba zai kai ba, kuma kowane mai shago rantsuwa yake tasa ce orijina. Ga kuma yayarta da ke Amurka ta ce in tana so za ta aiko mata da ɗaya. Ta rufe da cewa: Anti, wacce zan ɗauka?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin da rai da lafiya. Gyaran gashi ce sana'ata a nan Abuja, kuma kawunan da suka ji wuta suna zuwa hannuna fiye da yadda nake so, don haka zan ɗan ja maganar.

Kuɗin da kika ware ya isa. Roƙona biyu ne: kada ki zuba shi duka a kan sitireca, kuma kada ki karɓi wadda ba za ki iya sanin zafinta da lamba ba, ko da kyauta aka miƙo miki ita. Sunan kamfani, launi, kyan kwali, duk suna zuwa ne a bayan wannan.

Silin gashi furotin ne da ake kira keratin, kuma lanƙwasarsa a ɗaure take da ɗauri iri biyu da suka shafe mu. Akwai mai rauni, wanda ruwa ko zafi ke kwancewa, ya sake kamawa idan gashin ya bushe ya huce. Da shi sitireca ke aiki, shi ya sa da ruwa ya taɓa kan sai ya koma gidan jiya. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda sai sinadarin rilaksa ke tsinka shi, shi kam in ya tafi ya tafi. Muddin zafin yana cikin kima, ɗaurin farko kaɗai ake taɓawa, kin wanke kai kin samu gashinki kamar yadda kika bar shi. Idan ya wuce kima kuwa, naman gashin ne da kansa yake dahuwa, kuma kin san ƙwan da aka soya ba ya komawa ɗanye. A busasshen gashi wannan dahuwar tana faruwa ne a wajajen digiri 230 na ma'aunin Selsiyos, a jiƙaƙƙe kuma tun wajajen 150. Tun kafin a kai can ma, ɓawon da ke lulluɓe da silin yana fara tsattsagewa idan ana yawan maimaita masa wuta.

To je ki duba kwalayen da ke jere a kasuwa. Wannan 230 ɗin ce ake bugawa da manyan baƙaƙe kamar abin alfahari, mai shago kuma ya ɗaga miki ya ce, "Hajiya wannan tana da wuta sosai, ita ce daidai gashinmu." A nan ake yin ɓarnar. An ɗauka tunda gashinmu yana da tsauri a hannu, to ƙarfi gare shi. Ba haka ba ne. Silin gashi mai murɗe-murɗe ba zagayayye ba ne, a ɗan baje yake, kuma duk inda ya murɗa wuri ne mai rauni da zai iya karyewa. Maiƙon fatar kai ma ba ya gangarowa cikin sauƙi har ƙarshensa, shi ya sa bakin gashinmu kullum a bushe yake. Cika daban, kaurin sili daban. Na sha tsefe kai mai cika kamar me, in ɗaga sili ɗaya in ga ya fi zaren ɗinki siranta.

Alamar gashin da ya dahu ba ta ɓuya. Bayan an wanke, sauran kan ya nannaɗe ya koma yadda yake, amma wasu wurare, galibi gaban goshi da tsakiyar kai inda hannu ya fi kaiwa, sai su tsaya a miƙe, laƙwas, ba rai. Babu man da ke gyara wannan, babu karkashi, babu cebe. Almakashi ne kawai. Gashi kuma kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, wani ma bai kai ba, don haka ki lissafa abin da haƙurinki na shekara biyu ya tara miki kafin ki miƙa shi ga ƙarfen da ba ki san zafinsa ba.

Lambobin da nake aiki da su ke nan. Gashin da aka sa wa rilaksa, ko aka rina, ko mai sirantar sili: 150 zuwa 170. Gashi lafiyayye na tsaka-tsaki: 170 zuwa 185. Irin naki, idan silin yana da kauri da gaske: ki fara a 180, ki gwada a ƙeya, in bai kwanta ba ki ƙara kaɗan-kaɗan, amma kada ki wuce 200. Ki lura da wani abu: kamfanin ghd na Ingila, wanda kayansa suna cikin mafi tsada a duniya, ya kafe sitirecarsa a 185, ba ya ma ba ki damar wucewa. Dyson Corrale da ta fito a 2020, wadda kuɗinta ya ninka naki sau da yawa, iyakarta 210. Masu tsadar ba wuta suke sayarwa ba, daidaiton wuta suke sayarwa, wato idan an ce 185, faranti, ƙarfen da ke matse gashin, ya tsaya a 185 daga tushen gashi har ƙarshe.

Mai arha tuɓus, mai maɓallin kunnawa da kashewa kawai, ita ma zafi ɗaya gare ta, amma ba wanda ya gaya miki nawa ne. Mai "1, 2, 3" ko "ƙasa, tsakiya, sama" ta ɗan fi, sai dai har yanzu lalube ne. Ki nemi mai allo da ke nuna digiri, ko aƙalla mai abin murɗawa da aka rubuta lambobin a jikinsa. Kuma ki duba harafin da ke bayan lambar. Idan kika ga 450 da F, ma'aunin Amurka ne, daidai yake da 232 a namu mai C. 400F kusan 204 ne, 350F kuma kusan 177. Wata takan ga 350 ta tsorata, wata ta ga 230 ta ɗauka ƙasa take da 350 ta murɗe har ƙarshe.

Maganar faranti ita ce inda masu talla suka fi cika baki. Kusan duk abin da aka rubuta wa seramik a farashin da ni da ke muke saye, alminiyom ne aka shafa masa seramik a sama. Wannan ba laifi ba ne, yana raba zafi daidai, yana zamewa a gashi lafiya. Matsalarsa ita ce shafen yana cinyewa, kuma ingancin sitireca yana cikin tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya cinye. Ranar da kika ga gefen faranti ya fara nuna farin ƙarfe, ko ya ɓantare, ta gama aiki, ko da tana kamawa, don wurin zai riƙa fizgar gashi yana ƙona shi. Titaniyom ya fi juriya, yana kuma zuba zafi cikin gashi da sauri. Ga mai shago da ke da layin mutane kuma hannunta ya saba, abu ne mai kyau. Ga wadda za ta tsaya gaban madubi tana laluben ƙeyarta, saurin nan shi ne haɗarin: ki ɗan dakata da hannu ki gyara riƙo, ya riga ya yi aikinsa. Ke seramik za ki ɗauka. Tomalin kuwa, dutse ne da ake niƙawa a gauraya a cikin shafen, ana cewa yana rage tashin gashi da mannewa a kum, irin wanda muke gani da hunturu. In ya zo a ciki, madalla. A ƙara miki kuɗi mai yawa saboda shi, a'a. Haka waɗanda ake cewa an zuba wa farantinsu man argan ko keratin. Ni dai ban taɓa ganin kan da ya bambanta saboda wannan ba.

Faɗin faranti inci 1, wato wajen milimita 25, shi ya fi miki. Mai faɗin inci 2 tana burge ido, kamar za ta gama da wuri, amma ba ta shiga kusa da tushe, ga shi a tushen namu gashin ya fi nannaɗewa. Sai ki ga tsawon ya miƙe, gindin ya kumbura. 'Yar siririyar nan ta gaban goshi kuma ba yanzu ba.

Idan kika shiga shagon, a Wuse ne ko Utako ko wani babban kanti, kada ki yi ciniki a kan kwali. A fito da ainihin wadda za ki tafi da ita, ba ta gwaji ba. Tun kafin a jona ta, ki haɗe bakinta ki ɗaga saitin haske ki leƙa tsakanin farantan. Idan haske yana ratsowa ta tsakiya, ko baki ya haɗu gindi bai haɗu ba, ajiye ta. Za ta kama rabin gashin ta saki rabi, ki yi ta maimaitawa. Ki danna faranti da babban yatsa ta kowace kusurwa: mai kyau yana ɗan nutsewa ya dawo, don a kan abu mai motsi aka ɗora shi. Ki bi gefensa da farce ki ji ko akwai kaifi ko ramin da gashi zai maƙale. Ki juya wayar daga inda ta shiga jiki, ya kamata ta zagaya gaba ɗaya ba tare da ta cije ba, don a nan mafi yawansu suke mutuwa. Wayar kanta ta kai kusan mita 2, in ba haka ba kullum kina durƙushe kusa da soket. Sannan a jona. Ki saita ta a mafi ƙanƙantar lamba, ki bari ta kai, ki sa farar tishu a tsakani ki ƙirga goma. Idan ta fito da ja-ja ko ƙauri, lambar da ke allon ƙarya take yi. Ki taɓa bayan jikinta inda yatsu ke zama. Ɗumi ba komai, amma in ba ta riƙuwa, ba ta yi ba. Mai shagon da ya ce babu wuta ko ba a buɗe kwali, ki yi masa sai an jima, shaguna ba su ƙare ba.

Akwai gwaji ɗaya da ba za ki gani a tallan Turawa ba, don su ba matsalarsu ba ce. Tana kunne, ki zare ta daga soket, ki mayar. Idan ta ci gaba da zafi da kanta, ki yi tunani. Mu nan ana ɗauke wuta kina tsakiyar aiki, ki yi tsaki ki ajiye ta a kan gado ko kafet ki shiga kicin, a dawo da wutar kina can. Yawancin masu maɓallin turawa suna kamawa da kansu, yawancin masu maɓallin dannawa da allo kuwa suna zama a kashe sai an sake danna su, amma gani ya kori ji, ki gwada. Ki kuma tambayi mai kashe kanta bayan minti 30 ko 60. Ko bayan an kashe, faranti yana daɗewa da zafin da zai sale fatar yaro, kuma wayar da ke lilo daga kan madubi ita ce abin da mai rarrafe zai fara ja. Gidan amarya ba ya rabo da 'ya'yan dangi.

Sai tayin Yaya. Ki gode mata, amma kafin ta biya kuɗi ta ɗauki hoton ƙaramin rubutun da ke jikin sitirecar ko gindin kwalin ta turo miki. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Idan an rubuta 120V kaɗai, kika jona ta a nan, kin ba ta kusan ninki biyu na abin da aka gina ta a kai. Wata ƙara ɗaya za ta yi da ɗan hayaƙi shi ke nan. Adaftar nan ta kasuwa siffar baki kawai take sauyawa, ba ta rage wuta, sai an haɗa da taransifoma mai saukar da wutar, abin da ya zama ƙarin kaya da ƙarin kuɗi. Idan kuwa an rubuta 100–240V, to ki ce ta aiko, mai yiwuwa ma ita ce mafi alherin abin da za ki samu, kuma 40,000 ɗinki ta tafi wani wurin. Kayan Ingila da na Dubai ba su da wannan damuwar, wutarsu irin tamu ce, fulogin ma mai baki uku irin namu. Fulogin nan mai baki uku akwai ɗan fis a cikinsa, don haka in ta ƙi kamawa wata rana, a fara duba shi kafin a yanke mata hukunci.

Ko a nan za ki saya, ki fifita mai 100–240V ɗin, don ta fi haƙuri da ranakun da wuta ke zuwa ba ƙarfi, fanka na juyi da ƙyar. Ita sitireca ba ta da ci, yawancinsu tsakanin wat 30 ne da 60, wasu sun ɗan haura, ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarta. Handiraya, na'urar busar da gashi, ita ce mai ci, wat 1,500 zuwa sama da 2,000, ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba kuwa ba zai ja ta ba. Mai batir marar waya kada ta ruɗe ki da sunan rashin wuta: ita Corrale ɗin ma, da duk tsadarta, wajen minti 30 cajinta ke yi, kanki kuma zai haura awa. Mai tururi kuma ramukanta suna toshewa da ruwan burtsatse.

Ban ambaci wadda za ki saya da suna ba, da gangan, don suna a kasuwarmu ba ya tabbatar da abin da ke cikin kwali. Remington, Philips da BaByliss tsofaffin kamfanoni ne, ƙananan samfuransu na gaske suna da kyau ƙwarai ga mai amfanin gida, kuma ba kya buƙatar babban samfurinsu. Sai dai duk sunan da ya yi fice ana buga jabunsa, ghd da BaByliss musamman. Idan aka ce miki ga ghd sabuwa fil a kuɗin da kike riƙe da shi, kada ma ki tsaya dubawa. Jabu takan yi sakayau a hannu, rubutun jikinta na gogewa da yatsa, lambar samfurin da ke kwali ba ta yi daidai da ta jiki ba, babu takardar garanti. Su kuma irin Sokany da Kemei da Sonar da suka cika kasuwa, ba sa ɓoye cewa masu sauƙin kuɗi ne daga Sin, kuma samfuransu hawa-hawa ne. Wadda ta ci gwaje-gwajen da na faɗa a cikinsu ta fi min jabun babban suna sau goma. Za a karanta miki "sayen nagari mai da kuɗi gida" don a tura ki ga mafi tsada. Gaskiya ne, amma nagarta a faranti da daidaiton zafi take, ba a farashi ba. Ta hannu irin ta gwanjon Ingila ma hanya ce, in farantin sumul yake kuma wayar ba ta tsage a gindi ba, sai dai ita ba garanti.

Ki karɓi rasit mai sunan shago, kwanan wata da lambar samfurin, a kuma rubuta kwanakin da aka ba ki na dawowa. Rubutun nan na "ba a dawo da kaya" bai fi ƙarfin doka ba idan kayan ya fito da aibi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ki wannan damar, hukumar FCCPC da ke kula da ita kuma hedikwatarta tana nan Abuja. Amma ba rasit, ba magana. In ta intanet ce, ki zaɓi inda za ki iya mayarwa, ki yi duk gwaje-gwajen a ranar da ta iso.

Ba ki ce min kina da handiraya ba. Idan babu, ita ce farko, ba sitireca ba. A gashi irin naki, mafi yawan miƙewar a wurin busarwa ake samunta: a raba kai kashi-kashi, a riƙe bakin gashin a ja, a bi shi da iska mai matsakaicin zafi, da diraya mai kum a baki. In an yi wannan da kyau, sitireca shafa ɗaya za ta yi. In ba a yi ba, za ki bi wuri ɗaya sau biyar kina ƙara wuta kina zagin na'urar. Kuma ki tambayi kanki me kike so. Idan so kike kai ya saki don kitso ya yi kyau, ko ki tufke shi ya zauna ƙarƙashin ɗauri, diraya kaɗai ta wadatar, kitson zare na kwana biyu ma yana yin wannan ba tare da wuta ba. Sitireca ta mai son a ga gashi ya kwanta sumul yana zuba ce. Farashi yana bin dala, don haka da kaso zan faɗa: kamar kashi uku cikin biyar na kuɗin ga sitireca, sauran ga man kariya daga zafi mai lambar NAFDAC, kum mai jure wuta, abubuwan maƙale gashi da hular satin. In sai an sayi diraya, ki karɓi tayin Yaya, ko ki sauko da sitirecar mataki ɗaya, amma kada ki taɓa kuɗin man kariyar.

Wannan man ba man gashi ba ne. Silikon ne a cikinsa, irin su dimetikon, yana yin siririn lulluɓi da ke rage saurin shigar zafi, yana sa faranti ya zame. Yana ragewa ne, ba ya hanawa, don haka ba lasisin murɗewa zuwa 230 ba ne. Man kwakwa, man kaɗanya, man shanu, basilin, duk ki ajiye su sai an gama. Ɗanyen man kwakwa yana fara hayaƙi tun wajajen 175, ƙasa da inda za ki yi aiki. Idan kina sa cebe, sai an wanke shi tas da shamfu, har sau biyu, don garinsa da mansa suna toyewa a kan faranti. Kai ya zama wankakke, ya sha kwandishana, ya bushe ƙarau har tushe. In kika ji "cuu" ko kika ga tururi mai yawa, tsaya: ruwan da ke cikin silin ne ke tafasa, yana yin ƙananan kumfa a ciki, kuma daidai nan zai karye bayan kwana kaɗan. Waɗanda aka rubuta wai ana amfani da su a jiƙaƙƙen gashi, ki wuce su.

Ki tsaga da kibiya, kowane kashi siriri yadda za ki iya hango yatsanki ta cikinsa, faɗinsa kada ya wuce tsawon faranti. Kum a gaba, sitireca na bin sa a baya, tafiya ɗaya a hankali ba tsayawa, daga kusa da tushe har ƙarshe. Sau ɗaya, in ya matsa sau biyu. Ki bar kashin ya huce kafin ki taɓa shi. Gaban goshi a ƙarshe, bayan kin rage wutar da digiri 20 ko fiye. Idan kuma a wani shagon aka ce za a shafa miki maganin keratin a bi shi da wuta don ya daɗe watanni, ki nemi ganin robar: da yawansu suna fitar da fomaldihaid idan suka ji zafi, shi ne yajin da ke sa ido hawaye, kuma yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Abin da bidiyoyin waje ba sa lissafawa shi ne rayuwarmu. Su sukan ce miƙewar tana yin mako biyu. Ke kina alwala, kina shafar kai da jiƙaƙƙen hannu, gaban goshi zai fara tashi tun ranar farko ko ta biyu. Kan yana cikin ɗankwali da hijabi, yana zufa. Ga wankan ibada, wanda dole ruwa ya kai tushen gashi, kuma amarya ba sai na yi miki bayani ba. Ba a taɓa ibada don gashi, don haka ki sa a ranki tun yanzu cewa kwana kaɗan abin zai yi. Jarabawar ita ce duk lokacin da ya tashi ki sake jona wuta ki ɗan bi gaba. Wannan ɗan bin, a kan gashin da ya sha mai da zufa, shi ya fi cinye gaban kan amare, ya fi mugunyar sitireca ma. Sau ɗaya a wata ya isa, kuma kullum a kan wankakken kai. Tsakanin nan, ki nannaɗe shi da dare ki sa hular satin, in ya tashi ki yi kalaba ko ki kai a yi miki kitso.

Kin yi sa'ar wata. Daga Afrilu zuwa Oktoba iskar Abuja a jiƙe take, kai kan kumbura kafin a kai bakin titi. Disamba kuwa hunturu ne, miƙewa tana zama, sai dai bushewa tana ƙaruwa, don haka ki dage da kwandishana a makonnin da suka rage, bayan an gama kuma ɗigon mai kaɗan a tafin hannu ki shafa a bakin gashin.

Ki saye ta da wuri, ki yi gwaji ɗaya kamar mako huɗu kafin biki. A nan za ki gane lambar da ta dace da ke, ki datse bakin da ya tsage, sannan ki wanke ki tabbatar ko'ina ya nannaɗe ya dawo. A makon bikin kuma gashi ne ƙarshe: sai an gama dilka da halawa da zaman turare a cikin bargo, don zufar wannan zaman za ta warware duk abin da aka yi. Ranar, ki samu ƙawa ko ƙanwa mai nutsuwa ta yi miki ƙeya da bayan kunne, ke ki riƙe kunnen ki lanƙwasa shi ƙasa. In an gama, a zare ta, a bari ta koma ɗumi-ɗumi, a goge farantan da tsumma mai ɗan danshi, ba wuƙa ba soson ƙarfe, wayar kuma a naɗe ta daban, kada a nannaɗa ta a jikin sitirecar.